Tunkiyar Inno da Tabar Baba

Baba,

Na iske kana barci, ban tashe ka ba. Albishirinka, tunkiyar Inno ta miƙe! Ashe majinar nan ba ciwon da ya kashe tumakin garin Kamarawa ba ne, tsutsar hanci ce. Wani Bafillace a mashayar dabbobi ya ce in hura mata garin taba a hanci. Ta yi ta atishawa har tsutsotsi suka faɗo. Ga ta can tana cin harawa.

In Na'Allah mahauci ya zo da wuƙa, ka sallame shi. Ciki gare ta.

Za ni Maraɗi da ayari kahin sojan Faransa su tsare hanya.

Ka gafarce ni, battarka babu komai ciki. In ka nemi taba, tambayi tunkiya.

Ɗanka,
Sodangi