Kawu da Manhajar Kyauta

Ranar Talata

Zuwa ga ɗiyata Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kin koma bakin aiki lafiya. Innarki na gaishe ki, ta ce kin manta lemarki a bayan ƙofa.

Dalilin wannan takarda shi ne aika-aikar da kika yi mini ranar Asabar. Na san ni na ce ki duba kwamfutar, tunda kullum na kunna sai ta yi mini gargaɗi wai kamfanin da ya yi babbar manhajar ya daina kula da irin tawa. Na kuma san kin tambaye ni ko ki sa wata ta kyauta, na ce ki yi abin da ya dace, don a lokacin ina neman takalmina zan fita. Amma ban zaci zan dawo in tarar da komai ya sake wuri ba.

Shekara talatin da huɗu na yi ina duba rubutu a maɗaba'a kafin in yi ritaya. Duk littafin da ya fita daga hannunmu, sunanmu na bayansa. In aka sami kuskure, an san ƙofar da za a buga. To wannan taki fa, wa ke da ita? Kin ce mutane ne a ƙasashe daban-daban suke haɗa ta don ra'ayin kansu. Wato ranar da ta cinye mini aiki, sai in kama wa? Abin da na saya da kuɗina, ina da bakin magana a kansa.

Kin kuma san mai ɗab'i ya ba ni littafin kimiyya na 'yan sakandare, shafi ɗari uku da sittin, yana so ƙarshen wata. Ki zo ki mayar mini da tawa yadda take.

Ki gai da mahaifiyarki, ki ce mata yayanta na ƙarar 'yarta.

Naki,
Kawu


Ranar Juma'a

Zuwa ga Kawuna,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma. Ina fatan kai da Inna kuna lafiya. Lemar ta riƙe, na ba ta.

Kawu, na karanta takardarka sau biyu, na farko ina dariya, na biyu na zauna na yi tunani, don tambayarka ba ta wasa ba ce. Bari in amsa gwargwadon sanina.

Ka ce abin da ka saya kana da bakin magana a kansa. Ai ba manhajar ka saya ba, izinin amfani da ita ka saya. Shi ya sa ranar da suka ga dama suka ce sun daina kula da ita, ba wanda ya nemi shawararka. Sabuwar tasu kuma ta fi ƙarfin kwamfutarka, sai dai ka jefar da inji mai lafiya ka sayi wani. Wannan da na sa maka kuwa a buɗe take, duk wanda ya iya zai leƙa cikinta ya ga yadda aka ɗinka ta. In ya ga kuskure ya nuna, wani ya gyara, wani ya sake dubawa. Ni da na zaci kai za ka fi kowa son ta, tunda aikinka ke nan: wani ya rubuta, kai ka bi da jan biro.

Ba zan ɓoye maka aibinta ba. Firintarka sai da na lallaɓa ta kafin ta yarda. Akwai manhajojin ofis da suka fi santsi a ta kamfani, kuma in ta ƙi aiki babu lambar wayar da za ka kira. Amma don karanta rubutu da gyara shi, ba abin da ta rasa. Duk fayilolinka na nan, ban taɓa ko ɗaya ba.

Ba zan samu zuwa ba sai bayan mako biyu, muna ja wa wani asibiti wayoyin intanet. Ga zane na haɗo maka, na nuna inda komai yake. Kwana uku ka ba ta kawai.

Af, na ga da hannu ka rubuto, har layuka na hawa kan juna. Fushin ne ya kai haka?

Ɗiyarka,
Injiniya


Ranar Litinin

Injiniya,

Salamu alaikum. Zanenki ya iso, na gode.

Kin iya magana, wannan gadon uwarki ne. Amma kin manta abu ɗaya. Kyautar da za ta cinye wa mutum kwanakinsa ba kyauta ba ce. Ke yarinya ce, koyon sabon abu a wurinki kamar sauya mayafi ne. Waɗanda suka yi wannan manhaja don irinku suka yi ta, masu lokaci da ƙarfin jiki. Shekara goma sha ɗaya ina tare da waccan, ba ta taɓa sa ni jin ni baƙo ne a teburina ba.

Kada ki tsinke aikinki saboda ni. Zan mayar wa mai ɗab'i littafinsa ya nemi wani.

Allah ya yi miki albarka.
Kawu


Ranar Laraba

'Yata,

Ina gaishe ki, ya aiki, ya gajiya. Ni ce Innarki matar Kawu. Ban iya tsara takarda kamar shi ba, sai ki yi haƙuri da rubutuna. Ya fita aski na samu na rubuta.

Abin da zan faɗa miki ya hana ni faɗa wa kowa, har mahaifiyarki. Idon Kawunki ne. Yau shekara biyu da likita ya ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama saura ɗan kaɗan a tsakiya, kamar mai leƙe ta kafar makulli. Ranar da kika zo, da ya ce zai fita, asibiti muka je.

Waccan tsohuwar da kika cire, ba ganin ta yake yi ba, haddace ta ya yi. Ya san in ya danna wannan sau biyu, wancan sau uku, aikinsa zai buɗe. Sai ya ƙara girman baƙaƙen har kalma huɗu ta cika allon, ya kafa hanci yana bi. A haka ya gama littafi biyar ba wanda ya gane.

Da kika sauya, kwana uku yana zama a gabanta. Ya danna, ba abin da ya sani ya fito. Zanen da kika aiko ya juya shi ya juya, ya ce mini, "Ajiye, ta yi ƙoƙari." Na shiga kai masa ruwa na same shi ya dafa teburin da hannu biyu. Tun da na aure shi ban taɓa ganin ya zauna haka ba.

Littafin bai mayar ba, faɗa kawai ya yi. Mai ɗab'i ya ba mu a takarda, ni nake karanta masa da baki, shi yana cewa tsaya, sa waƙafi a nan. Amma ni ga ɗinkin mutane ya taru a kan keke, ga kalmomin kimiyyar nan suna karya mini harshe. Jiya na karanta wata ya ce, "Ke, wannan cuta ce ko sunan tsiro?" Muka yi dariya, amma shafi tara kawai muka yi.

Ba don ki ji haushin kanki na faɗa ba. Alheri kika nufa. Ki san dai abin da kike jayayya da shi.

Innarki


Ranar Juma'a

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa tare da neman afuwa.

Inna ta faɗa mini. Don Allah kada ka yi mata faɗa, in akwai mai laifi ni ce. Na zo gidanka na dubi injin, ban dubi mai injin ba. Na yi ta kawo maka hujja ina jin daɗin bakina, har na tsokane ka a kan rubutunka. Ka yafe mini.

Na nemi izini a wurin aiki, gobe ina tafe. Tsohuwar manhajarka ban goge ta ba, na kwafe ta a wani faifai. Zan mayar maka da ita daidai yadda ka bar ta, ka gama littafinka.

Amma Kawu, tunda kai ka koya mini faɗin gaskiya ko ba daɗi, bari in ƙara ɗaya. Ƙara girman baƙaƙe yana da iyaka. Akwai manhajar da ke karanta wa mutum abin da ke allo da murya, ana samun ta a ta kamfani da kuma ta kyauta. Na gwada su jiya a ofis da wani shafi na Hausa. Ta kamfani muryarta ta fi daɗi nesa ba kusa ba, sai dai Hausar tana fita kamar ta baƙon da ya sauka jiya, kuma ba ni da hanyar shiga in gyara. Ta kyautar muryarta kamar ana magana cikin gwangwani, ita ma tana kwaɓa kalmomi. Bambancin shi ne ita an bar ƙofarta a buɗe. Masu yin ta sun rubuta cewa suna neman wanda ya san harshen ya saurara ya nuna musu inda ta kauce. Ni na iya injin, amma kunnena bai kai naka ba.

Ba dole. In ka yarda zan bar maka su biyun a inji ɗaya, in ka kunna ka zaɓi wadda kake so. In ba ka yarda ba, ba zan sake tayar da maganar ba.

Ɗiyarka mai neman gafara,
Injiniya


Bayan wata biyu

Zuwa ga ɗiyata Injiniya,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da mahaifiyarki. Na gode da zuwanku tare. Kukan da ta yi ya ishe ni na shekara, ki ce mata ban mutu ba.

Innarki na yi mata fushin yini ɗaya, na ga ba riba, na sauko.

Littafin kimiyya na gama shi da tsohuwar manhajata, na makara da kwana shida. Da na kai, na zaunar da mai ɗab'i na gaya masa halin da idona ke ciki. Ya yi jimami ƙwarai, ya rako ni har bakin titi, ya riƙe mini hannu muka tsallaka. Littafi na gaba kuwa wani ya ba. Ban ga laifinsa ba, ni ma da a kujerarsa nake abin da zan yi ke nan. Amma na ji abin a raina, ba zan ce ban ji ba.

Da zaman banza ya ishe ni sai na kunna taki. Ɗiyata, wannan murya ta ci mutuncin Hausa. Na rubuta mata "ƙasa" ta ce "kasa". Na rubuta "ɓata" ta ce "bata". "Ɗaki" kuwa tsallake harafin farko ta yi ta ce "aki". Na kashe ta. Washegari na sake kunnawa don in tabbatar da iyakar ɓarnar, kafin azahar na tara kalma tamanin da bakwai da take kwaɓawa. Na aika wa masu yin ta, ta hanyar da kika nuna wa Innarki, ban sa rai da komai ba.

Kwana huɗu sai ga amsa. Wata mata ce daga wata ƙasa mai nisa, ta ce ita malamar lissafi ce, makauniya tun haihuwa, ranakun hutu take wannan aiki. Ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya. Ta roƙi in ɗauki muryata ina furta kowace kalma a hankali. Innarki ta riƙe waya, ni ina ta "ƙasa, kasa, ƙasa, kasa", har maƙwabciyarmu ta leƙo ta taga ta tambaya ko lafiya. Bayan mako biyu aka aiko gyara. Yanzu tana cewa "ƙasa". Ƙaf ɗin nata ya yi ƙarfi kamar mai tari, amma ƙaf ne.

Kada ki ɗauka kin ci muhawara. Har yanzu ina nan a kan cewa abin da ya dogara da hutun wata malama abin tsoro ne. In ta gaji fa? In ta yi rashin lafiya? Kamfani ko ba ya ƙaunarka, yana da ma'aikatan da za su zo ofis ranar Litinin. Firintar ma ta sake ƙin aiki. Na faɗa wa malamar haka ƙarara. Ta ce gaskiya ne, shi ya sa suke son mutane su yi yawa, ta kuma tambaya ko zan karɓi duba ɓangaren Hausa gaba ɗaya. Na ce zan yi shawara.

Likita ya ce abin da ya rage a idon dama ba lallai ya kai baɗi ba. Na gaya miki ne don kada ki ji a bakin Innarki.

Naki,
Kawu


Ranar Lahadi

Injiniya,

Salamu alaikum. Wannan takarda sai da na ɗaure idona da ɗankwalin Innarki na buga ta, don in gwada yadda baɗi za ta kasance. Da na gama na sa muryar ta karanta mini. Na kama kuskure uku. Biyu nawa ne, na gyara. Ɗaya nata ne, na aika wa malamar, tare da amsar tambayarta. Na karɓa.

In kin tashi zuwa ki taho da abin sauraro mai rufe kunne. Innarki ta ce muryar na sa ta karkata ɗinki.

Allah ya yi miki albarka.
Kawu