Na Yi wa Dorina Bismillah, Shekara Shida Ba a Tafiya da Ni

Malama mai wannan fili, assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Ki taimake ni da gaskiya, don shekara shida ke nan ina ɗauke da magana a ciki, duk wanda na faɗa wa sai ya yi dariya ya ce in yi haƙuri. Haƙuri ba amsa ba ne. Ni ban shiga lakwal na yi boko ba, maƙwabcina Chaibou ke rubutawa, kuma na gargaɗe shi kada ya gyara mini magana.

A Stains nake zaune, nan gefen Paris. Shekara talatin da ɗaya na yi ina dakon kwalaye a manyan shagunan Aubervilliers kafin gwiwa ta ajiye ni. Ɗiyata Halimatou tana aure a Lyon wajen Abdulrazak, yaro mai hankali, sai dai komi nasa cikin telefon yake. Shekarar da ɗiyarsu Najla ta cika biyar suka zo suka ɗauke ni, wai mu yi kwana uku a wurin wasan nan na bayan Paris mai otel-otel, inda mutum ke biya a juya shi sama har ya yi amai.

Ni ban hau komi ba, maganata kan abinci ce. Tun saura wata biyu Abdulrazak ya kama mana tebur na ranar Talata, sha biyu da rabi. Na ce wa ya ba shi takardar cewa za mu kai Talatar? Yunwa ma sai an yi alkawari da ita? Muka je, aka ba kowa faranti, wai ka tashi ka ɗiba da kanka. Ba mai gida, ba sannu da zuwa, ba ruwan wanke hannu. Dattijo da gemunsa cikin layi riƙe da faranti kamar ɗan kaso. Nama kuwa ba wanda ya san wa ya yanka, sai na tsaya kan kifi da dankali. Duk wannan na haɗiye.

Muna cikin ci sai ga wata ƙatuwar dorina mai jar hula ta nufo teburinmu. Malama, ni ba yaro ba ne, na san mutum ne a ciki. Ta tsaya a kaina baki buɗe, ta dubi farantina, ta shafa ciki, ta nuna kifin. Ki faɗa mini, a garinmu Damagaram mi wannan yake nufi? Na ce bismillah. Shiru. Na faɗa da Faransanci. Shiru, sai shafa ciki. Na jawo kujera, na raba kifina biyu. Abdulrazak yana ta ɗaukar hoto. Ni kuwa sai na tuna wata azahar da mai shagonmu yake cin kaza, ina tsaye da kwali a ka, ko ido bai ɗago ba. Tun ranar na ɗauki alkawari ba mai tsayuwa a kan abincina. Na duba, ta ina mutum zai ci da wannan tulun a wuya? Sai na tashi na kama kunnuwan na ɗaga.

Ashe mace ce, sa'ar Halimatou, gumi ya jiƙa ta sharkaf. Da na san mace ce da ban taɓa ba, wannan na yarda. Ta fizge kan ta mayar, wasu ma'aikata biyu suka fita da ita ta wata ƙofa. Najla ta ƙwalla ƙara. Ashe hoton dorinar ne a jakarta da bargonta, ni ba wanda ya sanar da ni. Daidai lokacin aka kawo kek ɗin murnar haihuwarta da kyandir biyar, ta ƙi ko dubansa, ta shige ƙarƙashin tebur. Aka naɗe shi muka kai otel, washegari na cinye shi da shayi don kada a yi almubazzaranci.

Abdulrazak ya yi rabin awa yana ba shugaban wurin haƙuri. A gabana ya ce wai tsoho ne, bai sani ba. Ni ne ban sani ba? Wanda ya ga mai yunwa ya ɗauki hotonsa, shi ne masani?

Tun daga nan kowace shekara suna komawa wurin wasan, ta Paris suke ratsawa, ni sai dai a turo mini hotuna. Najla ta kai sha ɗaya. In na kira sai ta gaishe ni kamar baƙon ubanta, ta miƙa wa uwarta. Jikar da a da nake kira uwargida, take ce mini tsoho mai rowa. Bana Halimatou ta ce za su tafi da ni hutun Afrilu in na yarda na yi kuskure. Na ce a fara nuna mini kuskuren. Tayin abinci?

Sau uku na sa Chaibou ya rubuta wa masu wurin, tambaya ɗaya: matar nan ta ci abinci ranar ko ba ta ci ba? Suka aiko mini kati mai hoton dorinar tana ɗaga hannu, wai suna fatan sake ganina.

To ke nake jira. Wa ke da laifi, kuma ta ci ko ba ta ci ba? Kada ki ce in yi haƙuri. Wani dai ya ba ni amsa kafin Afrilu.

Dattijon Stains

AMSA

Baba, wa alaikumus salam. Ba zan ce ka yi haƙuri ba, amsa ka nema.

Tayin abinci ba kuskure ba ne, tarbiyya ce, kuma da mai shagonku ya samu irinta da ba mu zo nan ba. Abdulrazak bai kyauta ba da ya kira ka wanda bai sani ba a gaban baƙi. Shekara shida ana ratsa Paris ba a ɗauke ka ba, hukuncin ya fi laifin girma. In Halimatou tana karanta wannan fili, da ita nake.

Sai dai bismillah da baki ake yi, ba a kai hannu. Matar nan a bakin aikinta take. Shafa cikin wasa ne da take yi a kowane tebur, da kuwa tana amsa kowane tayi da ba ta fita ta ƙofar ba. Masu irin aikin ba sa magana, ba sa cire kai a gaban yara. Tulun nan shi ne kwalinta. Yaya za ka ji da wani baƙo mai tausayi ya fizge kwali daga kanka a gaban mai shago?

Ta ci ko ba ta ci ba? Ban san ta ba, amma ma'aikata suna da lokacin hutu, kuma ina kyautata zaton ta ci nata a zaune, babu kunnuwa. Wadda na tabbata ba ta ci ba, kai ka nuna mini ita, tana ƙarƙashin tebur. Sau uku ka rubuta takarda kan cikin baƙuwa, ban ga inda ka tambayi jikarka ba. Kek ɗinta ma da shayi ya wuce.

Kada ka jira Afrilu, kada kuma ka bi ta hannun suruki, wannan magana ba tasa ba ce. Ka hau jirgin ƙasa zuwa Lyon, ka sayi kek babba, ka ajiye gaban Najla, ka ce mata ka tsorata ta tana ƙarama kuma ka cinye rabonta. Tsakanin kaka da jika girma ba ya zubewa, wasa ya riga ya share muku hanya. In ta tsokane ka, ka ƙyale ta. Ranar da ka sake jin tsoho mai rowa a bakinta, an shirya.

In Allah ya kai mu Afrilu dorina ta zo, bismillah sau ɗaya, hannaye bisa gwiwa, ka ci kifinka.

Kek ɗin Lyon kuwa, Baba, kada ka taɓa shi sai ta yi maka tayi. Allah ya ƙara lafiyar gwiwa, ya kai ka lafiya.