Abin da na amince da shi ban karanta ba

Laraba, bayan isha'i, Gazawa

Sati guda ke nan da na sa sabuwar burauzar nan ta shiga intanet a wayata, don tana buɗe littattafan soyayya ko da rezo, wato sabis ɗin waya, ya yi rauni. Ranar farko ta fito da dogon rubutu da Faransanci. Na ja shi ƙasa na danna wurin amincewa, ina ɗokin babi na tara.

Yau Malama Rabi ta lakol, makarantar boko, ta shigo kitso, na nuna mata. Ta tsaya ta karanta sharuɗɗan, ta ce, "Ke amarya, kin yarda su ajiye duk abin da kika rubuta ciki, su ba wanda suka ga dama. Ko kin goge ta, abin da ya tafi ya tafi. Da sauƙi dai, ai littafi kawai kike nema ko?" Na ce e.

Ba littafi kawai ba ne. Ran Lahadi na rubuta tambaya a wurin bincike kamar mai yi wa likita wasiƙa. Na yi sallama, na faɗi sunana da unguwarmu, har da sunan maigidan, ni da ban taɓa kiransa da baki ba. Na ce shekara biyu da aure ban taɓa ɓatan wata ba, daga wa matsalar take? Ko Inna ban gaya wa ba.

Da dare na tuƙa tuwo, maigidan ya ci, ya yaba miya. Ban yi kuka ba, ko tsoro ban ji ba. Ina dai zaune ina kallonsa yana wanke hannu, bai san inda na kai sunansa ba. Ni ma ban sani ba.