Hular Direba a Hanyar Mississippi

Harlow Bend, Mississippi
3 ga Yuni, 1956

Ƙanena Cleophus,

Ina gaishe ka da sunan Ubangiji, kai da Verdell da 'yan matanku. Mu nan da sauƙi, in ban da jikin Mama.

Ba zan yi maka kewaye-kewaye ba. Ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga, numfashi kuma sai a zaune take samunsa. Likitan garin nan sai ya gama da Turawa yake duba mu baƙaƙen fata ta ƙofar baya, ya miƙa mata ƙwayar da yake ba kowa. Na sha fama da ita har ta yarda a kai ta asibitinku na Detroit. Jirgin ƙasa ba za ta iya ba, ka san taragon da ake cusa mu, ga canjin jirgi a hanya. Sai dai ka zo da mota.

To, nan ne hankalina ya tashi. Na ga hoton da Verdell ta aiko, kana jingine da sabuwar motarka kana wani ɗaga haɓa kamar kai ka ƙirƙiro ƙarfe. Ta yi kyau, Allah ya sanya albarka. Amma kada ka kawo ta nan. Lonzo, ɗan Fasto Hosea, ya zo daga Chicago bara da tasa sabuwa. An tare shi da rana tsaka, aka tambaye shi inda baƙin mutum ya samu irin wannan mota. Ya ce guminsa ne. Motar ta ƙone ƙurmus a bakin gonar auduga, shi kuma dukan da aka yi masa ya bar shi da ido ɗaya, kuma ba ya gane mahaifinsa.

Ka ari wata tsohuwar akwala. In kuwa taurin kanka ya hana, ka yi abin da masu hankali ke yi: ka nemi baƙar hula irin ta direbobin manyan Turawa ka rataye ta a baya. In an tare ka, motar ta maigidanka ce, kai ɗan aike ne kawai.

Ni na goya ka, saboda haka kada ka kawo min turancin 'yan Detroit. Allah ya tsare.

Yayarka,
Ozella


Detroit, Michigan
11 ga Yuni, 1956

Yaya Ozella,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ki duba min Mama, ki ce mata ina tafe da zarar Kamfanin motocin da nake wa aiki ya ba da hutun bazara.

Batun akwala, ki yi tunani. In ta mace mana a dajin Tennessee da mara lafiya a ciki, wane gareji ne zai kula mu? Babbar mota muke saya don ba otal ɗin da zai karɓe mu, a cikinta muke ci, a cikinta muke kwana. Kujerar bayan tawa ta fi gadon Mama faɗi.

Batun hula kuwa, Yaya, ki yi haƙuri. Kin san Baba ya zo garin nan tun Kamfani na yin 'yan baƙaƙen motocin nan da ake murɗa wa hannu kafin su tashi. A gidan narka ƙarfe aka jefa shi, don a lokacin can ne kaɗai wurinmu, har ƙurar ta cinye masa huhu, bai taɓa riƙe sitiyari ba. Ni na shiga lokacin yaƙin duniya na biyu, muna ƙera tankoki. Na yi yajin aiki, an fasa min kai a bakin ƙofa, kafin aka bar irinmu su hau layin da ake haɗa mota. Yau ni nake ɗaura ƙofofi. Wannan motar ta bi ta gabana a kan layi, da hannuna na ɗaura mata ƙofa huɗu, na rufe kowace na ji ƙararta.

Da za ki shiga! Ba a sa mata giya, ita ke canja wa kanta. Sitiyarin da yatsa ɗaya ake juya shi. Kina ɗan taɓa totur za ki ji ta ɗauke ki lumui, rami ma sai kin wuce shi za ki san akwai. Ran Lahadi na kai yara bakin kogi, Verdell ta yi barci kafin mu fita unguwa.

Shi ne zan ɗora hular barantaka a kaina in ce ta wani ce? Zan bi doka, zan ce ranka ya daɗe ga duk wanda ke son ji, amma wannan ba zan yi ba.

Ki huta lafiya.

Ƙanenki,
Cleophus Tolliver


Detroit
28 ga Yuni, 1956

Yaya Ozella,

Ina miƙa gaisuwata gare ki da Mama cikin ladabi. Yara suna gaida kakarsu.

Cleophus ya tashi jiya da safe. Na soya kaza, na dafa ƙwai, na cika kwalin takalmi da burodi, ya sa galan ɗin fetur da bokiti a but don kada ya tsaya roƙon kowa. Yaya, kada maganarsa ta ruɗe ki, tsoro yake ji. Satin nan duka bai ci abincin kirki ba, kullum yana ƙarƙashin motar yana duba abin da ya riga ya duba. Da zai fita ya rungume yaran har ƙaramar ta ce yana matse ta.

Kawuna da ke tuƙa wani alƙali ya ara min hularsa. Na nuna masa, ya ce in ya ƙara ganinta zai jefa ta a murhu. Sai na cusa ta a ƙasan kwandon da na aiko muku da sabulu da gahawa. Ke kaɗai yake jin kunyarki. Ki sa shi ya ɗauka, ko da faɗa ne.

Ina roƙon Allah ya dawo min da shi yadda ya tafi. Ban san abin da zan gaya wa yaran nan ba in ba haka ba.

Taki,
Verdell


Harlow Bend
4 ga Yuli, 1956

Verdell, ƙanwata,

Na gaishe ki, na kuma gode da kaya.

Mijinki ya iso lafiya. Na sa shi ya shigar da motar rumfar alfadari muka lulluɓe ta da buhunan auduga, amma aikin banza muka yi. Kafin la'asar mutanen cocinmu sun cika gidan, kowa a buɗe masa ya gani. Shi kuma gogan naki, maimakon ya yi shiru, sai ya buɗe murfin inji yana wa'azi. Abin da mutum talatin suka gani ai gari ya gani. Washegari wata farar akori-kura ta wuce ƙofarmu a hankali, ta juyo ta sake wucewa.

Na ba shi hular, ya ajiye min ita a kan tebur. Na zage shi tas, na yi kuka, ko gezau. Mama ce ta ce, “Miƙo min nan, ku ishe ni da hayaniya.” Ta tura ta cikin jakarta tare da Littafi Mai Tsarki.

Sun tashi ran Litinin da asuba, Mama a kwance a baya da matasai. Ya yi min alkawarin zai buga waya kantin Mista Purvis da zarar sun haye kogin Ohio, sun fita daga yankin haɗari. Tun jiya nake zarya kantin nan har matarsa ta fara yi min kallon tausayi. Ba waya. Duk motar da na ji sai in leƙa waje. In sun iso ki aiko min, ko kalma ɗaya ce.

Ozella


Detroit
15 ga Yuli, 1956

Yaya,

Ina gaishe ki. Ki samu wuri ki zauna kafin ki karanta.

Na san Verdell ta aiko miki cewa mun iso. Sauran ni ya kamata in gaya miki.

Ba mu yi nisa da gida ba, hantsi ya ɗaga, na hango motar 'yan sanda a madubi. Tafiya nake a hankali, amma ɗan sandan ya kunna jiniya. Na gangara gefe na tsaya. Kafin ya ƙaraso na ji an kifa min abu a ka ta baya. Mama ce, ta yunƙuro ta zauna, tana haki. Ta ce, “In ka cire ta ban yafe maka nonona ba.”

Wani jibgegen mutum ne mai jan wuya. Ya leƙo ya ce, “Kai yaro, motar wa ka sato?”

Mama ta ce, “Ranka ya daɗe, ta Alƙali Whitlock ce na Detroit. Ni kukunsa ce, na zo ganin gida ciwo ya kama ni, ya aiko wannan sakaran ya ɗauko ni.” Har da 'yar dariya, Yaya. Ban taɓa jin wannan muryar a bakinta ba.

Ya zagaya motar yana shafa ta. Ya buɗe ƙofa ya rufe, ya sake. Ya ce, “Ka ji aiki! Irin wannan sai hannun Bature. Ko ba haka ba, yaro?”

Na ce, “Haka ne, ranka ya daɗe.”

Sai ya ce, “Tsohuwa, sauko. Direban alƙali zai ɗan ɗana ni.”

Na ce ba ta iya tsayuwa. Ya dafa bindigarsa ya ce, “Na tambaye ka?” Na cicciɓo ta na zaunar da ita a bakin titi, ba ko bishiya, rana kuwa ta fara cizo. Ta matse hannuna ta ce, “Je ka.”

Ya baje a baya inda take kwance, ya ture matasanta ƙasa. Ya ce in taka. Na taka. Ya ce in ƙara. Motar na tafiya lumui yadda na yi miki alfahari, ni kuwa gumi ya jiƙa min sitiyari. Can ya ce in karya hagu, wata hanyar burji da ta nufi kogi. Nan na tuna Lonzo. Ina jin numfashinsa a ƙeyata, ina jira in ji sanyin ƙarfe. Na yi wa yarana addu'a da sunayensu. Na yi tunanin in kifar da mu duka a rami, sai na tuna wadda na bari a bakin titi.

Ashe gidansa muka nufa. Matarsa yake so ta ga motar, wai irinta zai saya in an ƙara masa girma. Ta fito da ƙullu a hannu, ta shiga, ta kunna rediyo, ta kira maƙwabciya. Na kai su kanti na dawo da su. Ina tsaye riƙe da ƙofa, hula a kaina, suna gardamar ko shuɗiya ta fi ko ja. Matar har ta ba ni ruwa a gwangwani, ta ce ina da ladabi.

Sai da rana ta take tsaka muka koma. Na tarar da Mama ta ja jiki ta raɓe a inuwar motar ɗan sandan, leɓɓanta sun tsage, ba ta san inda take ba. Ya ce in gaida alƙali, ya tafi. Ban tsaya neman waya ba, Yaya, ban ma tsaya komai ba sai shan mai, har ƙofar asibiti.

Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, amma sun ce zuciyar ta riga ta gaji, ranar nan kuma ta ƙarasa ta. Ta farfaɗo ta ga jikokinta, ta sha ɗan romo daga hannun Verdell. Mama ta rasu jiya Asabar da yamma.

Kafin ta cika ta kama rigata ta ce in mai da ita gida, a sa ta a bayan cocinmu, ba ta son ƙasar nan da ke daskarewa da sanyi. Na ce to. Za a sa akwatin a jirgin ƙasa, ni zan raka ta. Ban taɓa jin tsoro irin wanda nake ji yanzu ba, amma na amsa mata. Ba zan tashi ba sai na ji daga gare ki. Ki gaya wa Fasto Hosea a fara haƙa.

Allah ya ba mu haƙuri.

Cleophus


Harlow Bend
19 ga Yuli, 1956

Cleophus, ɗan'uwana,

Allah ya ji ƙan Mama, ya ba mu dangana.

Kada ka zo, ko a mota ko a jirgi. Mai jan wuyan nan ya yi ta ba da labari a gari cewa ya hau motar alƙali, har wani ya gaya masa ta ɗan gidan Tolliver ce, aka yi masa dariya. Shekaranjiya ya zo nan da mutum biyu. Ya tambaye ni yaushe za ka dawo. Ya ce ya ji tsohuwa ba lafiya, in ta mutu ai dole ka kawo ta, shi zai tare ka a tasha.

Ban gaya wa Fasto komai ba, ba kuma za a haƙa ba. Ka binne ta a nan wurinku. Alkawarin da ka yi mata ni na karya shi, in da alhaki a wuyana yake. Ku sa mata farar rigarta ta coci, ka kuma aiko min da hoton kabarin.

Yayarka,
Ozella