Zare a Maƙogwaron Wake

Bukkuyum, daren Laraba, cikin damina

Kazata Wake ta tsira! Tun hantsi kazar nan take buɗa baki tana kakari, numfashi na ƙwace mata. Kawu yac ce, "Ta tsufa, ɗiyata, kawo wuƙa tun ba ta zama mushe ba." Nac ce Inna ce tab ba ni ita da zan taho garin nan, ban san kowa ba sai ita. Ina kuka sai mai kawo muna nono tak karɓe ta, tal leƙa bakinta, tas sa gashin kaza taj jawo zaren kitso dogo. "Ga tsufan nan, Malam," in ji ta. Yanzu Wake tana ƙarƙashin gadona, shiru. Shirun ma tsoro yake ba ni, sai tashi nake ina taɓa ta.