Motar da Ta Karkata Ɓangaren Baba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya aiki, ya zama da mutanen can. Mama tana gaishe ka, ƙafarta ta yi sauƙi.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, kuma a waya ba zan iya ba, don duk lokacin da ka kira Mama tana zaune kusa da ni. Tun da Baba ya rasu ban ji komai ba. Mutane suna shigowa suna kuka, ni ina ɗebo musu ruwa. Ina cin abinci, ina barci, ina zuwa makaranta. Wani lokaci nakan zauna in jira baƙin cikin ya zo, shiru, har in gaji in tashi.

Abu ɗaya nake yi. Kullum da safe kafin shara, nakan je rumfar da jar motar Baba take, in ɗaga tamfol ta baya. Ka san yadda ta karkace. Idan ka tsaya a bayanta, ɓangaren direba ya fi sauka ƙasa, kamar Baba yana ciki yana jira in buɗe masa ƙofa. Sai in kalla kaɗan in mayar da tamfol. Ba daɗi nake ji ba, ba ciwo ba. Kallo ne kawai.

Jiya Kawu mai gareji ya zo. Ya ce ka yi masa waya a ɗaura kayan nan da Baba ya saya ya tura ƙarƙashin gado a kwali, su sifirin da shokazoba da robobi na ƙafafun motar. Na tambaye shi ko idan an sa za ta miƙe. Ya ce ai don haka ake sawa, sifirin ɗin gefen ne ya gaji da ɗaukar mutum guda shekara da shekaru. Mama ta ce a yi duk yadda ka ce.

Ban ce kada a yi ba, Yaya. Ina so dai ka sani.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Auta

*

Auta sarkin shiru,

Wa'alaikumussalam. Takardarki ta iso ta hannun direban nan, har da shatin yatsunsa na baƙin mai a jiki. Lafiyata lau, sai aiki da ba ya ƙarewa. Ki gaishe da Mama, ki ce ta daina tsayuwar wanki.

Ke da ba kya haɗa kalma uku a waya, ashe takarda kike jira. Zancen da kika fara da shi, gaskiya ban san abin da zan ce miki ba. Na ɗauki biro na ajiye. Bari in yi na mota, shi na iya.

Kin manta Baba da kansa ya tsani karkacewar nan? Maƙwabta suna tsokanarsa wai ko daga nesa aka hango motar an san wanda ya fi kowa cin abinci a gidanmu. Yana dariya, amma yana jin haushi. Kuma ba kunya kaɗai ba ce. Ranar ƙarshe da na shiga tare da shi, mun zo kwanar nan ta wajen tankin ruwa, ba ma gudu sosai, sai bayan motar ya yi lilo kamar kwalekwale. Saura ƙiris mu faɗa kwata. Satin da ya biyo ya je ya sayo kayan.

Irin wannan ƙaramar motar mai ƙofa biyu don shan kwana aka ƙera ta. Baba ya sha cewa a da tana manne wa titi kamar ƙadangare a bango, yana so ya sake jin haka ko sau ɗaya. Bai samu ba. Idan muka bar ta a rumfa, tayoyi su bushe, ɓeraye su cinye wayoyi, ƙarshenta 'yan gwangwan. Aikin da ya fara ne, ni ƙarasawa kawai nake.

Idan kin taso makaranta ki riƙa biyawa garejin ki zama idona. Kawu ba ya cizo, bakinsa ne kawai.

Allah ya jiƙan Baba.
Yayanki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan alheri. Mu ma lafiya.

Na je kamar yadda ka ce. Nakan zauna a kan wata tsohuwar taya kusa da ƙofa, jakata a cinya. An ɗaga motar sama, an cire tayoyin, ƙafafunta suna reto. Notinan duk sun yi tsatsa. Kawu yana zuba musu mai yana zaginsu ɗaya bayan ɗaya, wai taurin kansu irin na mai su ne.

Da ya ciro tsofaffin sifirin na baya sai ya jera su a ƙasa. Na ɓangaren Baba ya fi ɗayan gajarta da kamar yatsa biyu. Ɗayan kuwa bai wani gaji ba. Kawu ya ce ba mamaki, tunda Mama ba ta yarda ta shiga, tana cewa sai mutum ya durƙusa kamar mai shiga akurki. Ya danna tsohuwar shokazoba da hannu, ta shige ciki ba ta dawo ba. Ya ce, "Wannan ai ta riga mai ita mutuwa." Sai ya tuna ina wurin. Ya shiga goge hannu da tsumma ya daɗe yana gogewa, sannan ya ce in miƙo masa sifana. Na miƙa. Ban ji haushinsa ba. Shi ne ma na ga kamar yana bukatar a ba shi haƙuri.

Sababbin sifirin ɗin rawaya ne, sun fi tauri, kowanne da zobe a ƙasansa da ake murɗawa a ɗaga mota ko a sauke ta. Ya sa wani ƙarfe mai kauri daga wannan ƙafa zuwa waccan, ya ce shi zai hana ta kwanciya a kwana. Robobin da ya cire suna marmashewa a hannu.

Bai ɗaure notinan tamau ba. Ya ce ba a ɗaurewa mota tana rataye, sai ta sauka a kan tayoyinta ta kwana biyu nauyinta ya zauna, in ba haka ba robobin su murɗe su yage.

Jiya ya sauke ta. Na zagaya ta baya na tsaya. Ta miƙe sak, Yaya. Mota ce mai kyau, ja, ba kowa a ciki.

Da na koma gida Mama ta tambaye ni ya aikin. Na ce ya yi kyau. Ta ce to madalla, ta ci gaba da ninke kaya.

Sai na ji daga gare ka.
Auta

*

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Na yi wani abu, kada ki yi fushi. Na karanta wa Kawu wani yanki na takardarki ta farko a waya, wurin da kika yi zancen tamfol.

Na tambaye shi ko zoben nan zai iya mayar da ita yadda take. Ya ce zai iya, murɗawa ce kawai, gefen direba ya sauka. Amma ya ce idan an yi haka ba za ta riƙe hanya daidai ba, kwanar dama daban ta hagu daban, kusan an yi aikin banza ke nan. Ya yi ta faɗa, wai tunda yake bai taɓa lalata aikinsa da hannunsa ba. Da ya gama faɗan sai ya ce saboda 'yar abokinsa zai yi.

Bai ɗaure ba tukuna, ke yake jira. Ni bana ba zan samu zuwa ba, sun hana hutu. Ke kike ganinta kullum. Abin da kika ce shi za a yi, kuma ba zan tambaye ki dalili ba.

Ki gaishe da Mama.
Yayanki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya.

Ban yi fushi ba. Amma don Allah kada ka ƙara karanta wa kowa.

Na je yau. Kawu bai kalle ni ba, ni ma ban kalle shi ba. Ya durƙusa ya sa sifana a zoben yana murɗawa, motar tana sauka a hankali. Ya ce, "Je ki baya ki duba, 'yata. In bai kai ba in ƙara."

Na je na duba. Ya kai. Daidai yadda take a rumfa, ko kai ka gani ba za ka bambance ba. Na daɗe a tsaye. Amma a gabana aka yi, na ga hannun da ya yi. Waccan Baba ne ya sauke ta, da zuwa aiki da dawowa. Wannan Kawu ne da sifana.

Na ce ya mayar da ita daidai ya ɗaure. Ya tambaye ni ko na tabbata, na ce e. Na tsaya har ya gama noti na ƙarshe.

Mama ba ta san an ba ni zaɓi ba, kuma na yanke ba zan gaya mata ba.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Auta