Injin Ruwan Kifin Marigayi

Yaya Habu,

Salamu alaikum. Ya Legas, ya iyali, ya ƙafar taka? Muna lafiya, sai kewar maigidana, Allah ya jiƙansa.

Sai da kifayen tekunsa biyu suka taso a mace cikin akwatin gilashin da yake kiwonsu na gane injin juya ruwan ya tsaya. Tun da zan sayi injin na gaya wa mai shagon cewa a ruwan gishiri za a sa shi, ya ce, "Hajiya, ɗauki mai arahan. Ni ɗan Haɗeja za a koya wa kifi?" Sati uku tsatsa ta cinye shi. Na koma, dariya ya yi mini!

Saura kifi ɗaya, da ludayi nake motsa masa ruwa. Ka sa mu a addu'a, ka gaida yara. Nemo mini ƙaramin inji mai jure gishiri, nan har yau ban samu ba.

Ƙanwarka Hauwa